Filin Tambayar Makiyayi: Saniyar Tatsa Sai a Haihuwa Ta Uku Take Fara Kawo wa Mai Ita Riba

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan magana ɗaya suka taru. Da yawa daga cikin masu rubuto mana sun halarci tarukan wayar da kai da ƙungiyoyin masu tatsa ke shiryawa tare da malaman dabbobi, inda aka yi ta nanata musu cewa ribar garke tana ga daɗewar saniya tana haihuwa tana ba da madara. Sun koma gida da sauran tambayoyi a bakinsu. Ga amsoshin da likitocin dabbobi da masana kiwo na wannan fili suka bayar.

Tambaya: A wurin taro an ce mana sayar da saniya bayan haihuwa biyu asara ce, ko da ta yi kuɗi a kasuwa. Ina da shanu 20 'yan haɗi, wato haɗin irin gida da na waje, kuma na saba rabuwa da saniya tun da sauran kyanta. Ina asarar take? Daga wani Alhaji mai gona a wajen Zariya.

Amsa: Alhaji, asarar tana cikin shekarun da ka ciyar da ita ba ta ba ka ko lita ɗaya ba. Daga ranar da aka haifi maraƙa zuwa ranar da ta fara haihuwa, wata 26 zuwa 30 ke nan idan 'yar haɗi ce mai samun kulawa, kana zuba mata madara, dusa, harawa, magani da ladan mai kula da ita. Wannan bashi ne kake bin ta. Madarar haihuwar farko ba ta cika biyansa ba, domin karsana tana ba da kamar kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ne na abin da za ta bayar idan ta cika, tunda jikinta na ci gaba da girma. A haihuwa ta biyu take ƙarasa biyan bashin. Ganiyarta kuwa daga haihuwa ta uku ne zuwa ta biyar ko ta shida. To ka ga idan ka sayar bayan ta biyu, kai ka yi wahalar, wanda ya saya shi zai sha ganiyar.

Yi lissafin da garkenka. Shanu 20 masu haihuwa kowace shekara, idan kowacce haihuwa 3 take yi ta fita, kana bukatar karsana kusan 7 duk shekara su maye gurbi. Idan kowacce ta kai haihuwa 5, karsana 4 sun ishe ka. Ukun da suka rage ka sayar da su da ciki, ko ka faɗaɗa garke da su. Ƙari a kan haka, wanda ke bukatar 4 kawai yana da damar zaɓen 'ya'yan shanunsa mafi kyau, shi kuwa mai bukatar 7 duk wadda ta rayu ita zai riƙe.

Abin da ke fitar da saniya da wuri sananne ne: rashin ɗaukar ciki, ciwon hantsa, ciwon ƙafa, da matsalolin makonnin farko bayan haihuwa. Mafi yawan tambayoyin da ke ƙasa a kansu suke.

Tambaya: Maruƙana mata suna yawan zawo, waɗanda suka rayu kuma ba sa girma da kyau. Ta ina zan fara gyara? Kuma yaushe ya kamata a kai karsana ga sa? Daga wani matashi a Gwarzo.

Amsa: Fara daga sa'o'i biyun farko na rayuwarta. Ana haifar maraƙi ba shi da garkuwar jiki, sai abin da ya samu daga dakashi, wato madarar farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. Hanjinsa na iya ɗaukar wannan garkuwa sosai ne a sa'o'in farko. Bayan sa'a 6 ƙarfin ya ragu ƙwarai, bayan sa'a 24 ƙofar ta rufe. Ƙa'idar ita ce ya sha kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a sa'o'i 6 na farko, rabi cikin sa'a 2 da haihuwa. Maraƙin Bunaji mai kilo 22 lita 2 da 'yan kai ke nan, ɗan haɗi mai kilo 30 kuma lita 3. Kada ka ce ai yana tare da uwarsa. Tsaya ka gani da idonka ya kama nono yana haɗiya, idan ya kasa ka tatsa a mazubi mai tsabta ka ba shi da ɗuminsa. Al'adar nan ta tatse dakashi a zubar don ana ganin datti ne tana kashe maruƙa da yawa, a daina ta.

Cibiya a tsoma ta cikin ruwan aidin nan take, a maimaita bayan sa'a 12. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su kumbura gwiwa, kuma maraƙin da gwiwarsa ta taɓa yin ruwa da wuya ya zama lafiyayyen babba. Wurin kwanciyarsa ya zama busasshe, nesa da kashin manyan shanu. Daga mako na biyu a ajiye masa ruwa mai tsabta da ɗan abinci mai laushi da harawa mai kyau don tumbinsa ya fara aiki. Angurya da ƙulinta ba na ƙananan maruƙa ba ne, akwai guba a cikinsu da tumbin da bai ƙosa ba ba ya iya kashewa. Idan zawo ya kama shi, abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwan jiki: a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na dabbobi tsakanin lokutan shan madara, kada a yanke madarar.

Batun kai karsana ga sa, nauyi ake dubawa kafin shekaru. Sai ta kai kashi 60 cikin 100 na nauyin uwarta. Idan uwar kilo 400 ce, a jira 'yar ta kai 240. Ba sai da sikeli ba. Ɗauki tef ɗin tela, auna zagayen ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawonta daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin jela, duk da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ninka da tsawon, raba da 10,840. Ƙirji 145, tsawo 125, zai ba ka kilo 242 ko kusa da haka. Karsanar da aka kai ga sa ba ta kai wannan nauyi ba, ƙugunta bai buɗe ba: haihuwa ta yi mata wuya, girmanta ya tsaya, sau da yawa kuma ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Irin waɗannan su ne ke barin garke tun a haihuwar farko.

Tambaya: Saniyata cikinta ya shiga wata 8 amma har yanzu tana ba ni lita 4 a rana, da shi nake cefane. An ce in daina tatsa. Don me? Daga wata Hajiya a Daura.

Amsa: Hajiya, gaskiya aka faɗa miki, kuma har an ɗan makara. Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, ana so ta huta da tatsa kwana 60 kafin haihuwa, wato a daina da ta cika wata 7 daga ranar barbara. A wannan hutu ne naman hantsa ke sabunta kansa, a nan ne ɗan cikin ke yin mafi yawan girmansa, a nan kuma ake haɗa dakashi. Lita 4 sau kwana 60 lita 240 ne. Saniyar da ba ta huta ba takan rasa fiye da haka a tatsar da ke tafe, ga raunin dakashi, ga ramar da za ta haihu da ita.

Yadda ake yi: mako guda kafin ranar, a janye dusa a bar ta da ciyawa da ruwa, madarar za ta ragu da kanta. Ranar da aka tsayar a tatse ta tas, a goge kan nonon da abin kashe ƙwayoyin cuta, idan ta taɓa ciwon hantsa likita ya sa mata maganin da ake matsawa cikin nono wanda aka yi musamman don lokacin hutu. Daga nan kada a sake taɓawa, kuma a raba ta da maraƙinta. Tatsar da ake yi yau a bari gobe tana buɗe bakin nono ga cuta. A riƙa duba hantsar har mako guda. Cika ba matsala ba ce, amma zafi da tauri a ɓangare ɗaya alamar ciwo ne.

Makonni 3 na ƙarshe su suka fi muhimmanci. A dawo da dusa a hankali, daga rabin kilo a rana har zuwa kilo 2 ranar haihuwa, don tumbi ya saba da abincin da za ta ci idan ta fara ba da madara. A waɗannan makonni a janye mata kanwa. Kanwa tana hana jiki shirin fitar da sinadarin kalsiyam daga ƙashi, shi ya sa take ƙara haɗarin ciwon nan da saniya ke kwantawa bayan haihuwa, kunnuwa su yi sanyi, ta lanƙwasa wuya zuwa haƙarƙari ta kasa tashi. Ya fi kama masu madara da yawa daga haihuwa ta uku zuwa sama. Idan ya faru a kira likita nan take ya yi mata ƙarin kalsiyam ta jijiya, kuma kada a ɗura mata komai ta baki, don ba ta iya haɗiya da kyau, zai tafi huhu.

Jikinta ranar haihuwa ya zama tsaka-tsaki: idan kin dafa haƙarƙari kin ji ƙashi amma ido ba ya ƙirga su daga nesa. Mai ƙiba sosai ma tana shan wahala, ta ƙi cin abinci bayan haihuwa. Idan mabiyiya ba ta faɗo ba bayan sa'a 12, kada a ja ta da hannu ko a ɗaura mata dutse. Jan yana yaga mahaifa ya bar ciwon da zai hana ta ɗaukar ciki.

Tambaya: Nono ɗaya na babbar saniyata ya mutu, yanzu na biyu yana fitar da gudaji. Na yi mata allura sau biyu ya lafa ya dawo. Daga wani mai tatsa a yankin Jos.

Amsa: Malam, ciwon hantsa ne, kuma ya dawo ne saboda ɗayan biyu: ko ba a kammala kwanakin maganin ba, ko maganin bai dace da ƙwayar cutar ba. A kai samfurin madarar ɗakin gwaji a gano irinta. Kai da ke kusa da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ba ka da nisa. Amma abin da ya fi gaggawa shi ne kare sauran shanun, domin hannun mai tatsa da tsummansa su ke yaɗa ciwon.

Tsarin tatsa ya zama haka kullum. Wanke hannu da sabulu. Goge nonon, kowace saniya da nata ƙyallen, a busar da shi kafin a fara. Tatso zubi biyu ko uku na farko daga kowane nono a kan baƙin faranti, gudaji ko tsinkewar madara za su fito fili. Kama nonon da tafin hannu duka ka matse daga sama zuwa ƙasa. Ja da babban yatsa da manuni yana ƙuje cikin nonon. Kada a shafa madara ko yawu don santsi. Da an gama a tsoma kowane nono cikin ruwan aidin na tsoma nono, a zuba mata abinci ta ci a tsaye na minti 30, domin bakin nono a buɗe yake bayan tatsa, idan ta kwanta cikin kashi cuta ta samu hanya. A fara da karsana, sannan lafiyayyu, mai ciwo ita ce ta ƙarshe.

Akwai ciwon da ido ba ya gani amma yana cin madara. Ana gano shi da gwajin CMT: faranti ne mai rami huɗu, a tatsa kaɗan daga kowane nono a raminsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya a hankali. Wanda ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa yana da ciwo. A yi wa garke duka sau ɗaya a wata. Madarar saniyar da ke kan magani kuwa ba ta sha ba ce ba ta sayarwa ba ce har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Ba ta ma kama kindirmo da kyau, kuma cibiyoyin tara madara na mayar da ita.

Ita wannan saniya taka, idan nono na biyun bai warke ba bayan magani na gaskiya, rabuwa da ita ya fi.

Tambaya: Shanuna sai su yi shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Laifin sa ne ko na shanun? Daga wani makiyayi a Maraɗi.

Amsa: Mafi yawan lokuta laifin yunwa ne. Saniyar da ta haihu a ƙarshen rani, ba ciyawa, ga maraƙi na tsotso dare da rana, jikinta yana dakatar da neman sa har sai ta murmure. Idan ka ga shanu na tauna ƙashi, suna lasar ƙasa, suna cin leda da tsumma, ƙarancin sinadarai ne, musamman fosfaras, kuma yana hana ɗaukar ciki. A ajiye musu dutsen lasa kullum. Ledar da suka haɗiye kuwa tana taruwa a tumbi, saniya ta yi ta ramewa ciki a kumbure, maganinta sai tiyata. A rage wa maraƙi tsotso zuwa sau biyu a rana bayan ya yi wata guda, uwar za ta dawo da wuri.

Abin da ake nema shi ne haihuwa duk wata 12 zuwa 14. A bar ta ta huta kwana 50 zuwa 60 bayan haihuwa, sannan a sa ido. Saniya na neman sa duk kwana 21, yakan kama daga 18 zuwa 24. Shanunmu masu tozo lokacin nemansu gajere ne kuma sau da yawa da dare yake zuwa, don haka a tsaya a kansu minti 20 da asuba da kuma bayan magariba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cik wata ta hau ta. Sauran alamu: yauƙi fari tas kamar ɗanyen farin ƙwai yana zuba daga gabanta, kuka, rashin natsuwa, raguwar madara. Ga mai ɗurar maniyyi, wadda aka gani da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Idan ka ga ɗan jini a jelarta, lokacin ya wuce da kwana biyu, ƙirga kwana 18 ka fara tsaro. Duk wannan sai da littafi: ranar haihuwa, ranar barbara, sunan san. Wadda aka yi wa sau uku ba ta ɗauka ba, likita ya duba mahaifarta.

Idan kuma ana yawan ɓari a wata na 6 zuwa na 8, mabiyiya na maƙalewa, gwiwoyi na kumbura, a yi gwajin bakkale ga garken duka har da san. Cutar na kama mutane ta ɗanyar madara da taɓa abin da aka ɓarar, don haka a tafasa madara, a binne ɓarin da zurfi, kada a taɓa da hannu tsirara.

Tambaya: Tun da na ƙara wa 'yan haɗina dusa madara ta ƙaru, amma biyu sun fara ɗingishi, kashinsu ya yi ruwa da kumfa. Daga wani mai gona a Kura.

Amsa: Dusar ta yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, tumbi ya yi tsami. Tsamin nan yana lalata jijiyoyin jinin da ke cikin kofato, bayan 'yan makonni ɗingishi ya bayyana. Duba garkenka da rana suna kwance: idan ƙasa da rabinsu ne ke tuƙa, abincin ba daidai yake ba.

Saniya mai kilo 400 da ke ba da lita 12 tana cin busasshen abinci kamar kilo 12 a rana, kuma fiye da rabi dole ya zama ciyawa. Misali ɗanyar ciyawar Napier, doguwar ciyawar nan da ake shukawa don dabbobi, kilo 30 zuwa 35 da aka yanka tana da mako 6 zuwa 8, da harawar wake ko ta gyaɗa kilo 1 ko 2, sannan haɗin dusa kilo 4 zuwa 5. Haɗi mai sauƙi na kilo 100: dusar masara 65, ƙulin angurya 32, garin sinadaran ƙashi na dabbobi 2, gishiri 1. Kilo 1 ga kowace lita 2 da rabi ta madarar da take bayarwa. A raba shi sau biyu ko uku, kada ya wuce kilo 2 da rabi a zubi ɗaya, a ba da ciyawa kafin dusa, kuma duk canjin abinci a yi shi cikin kwana 10 zuwa 14. Ƙuli ko dusar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta na taɓa hanta kuma tana fita cikin madara.

Ruwa kuma kada a yi masa awo. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma a zafin Afrilu irin wannan saniya na iya shan lita 80 ko fiye. Rumfa ta zama mai tsawo iska na ratsawa, kiwo da sanyin safiya da na yamma. Daɓen siminti mai kaushi da jiƙaƙƙen kashi suna cin kofato. A yi musu wurin kwanciya na yashi ko busasshiyar ƙasa, a gyara kofato sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki lokacin tsayar da tatsa.

Tambaya: In sayi tsantsar Holstein, irin saniyar madara ta Turai, ko in tsaya a kan haɗi? Daga wani ma'aikaci a Sakkwato.

Amsa: A zafin Sakkwato, idan babu fanka da yayyafin ruwa da abinci na shekara guda a ajiye, tsaya a kan haɗi. Holstein tana fara jin zafi tun ma'aunin zafi na wajen digiri 25, ta rage ci, ta ƙi ɗaukar ciki, kaska da kirci su same ta. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa (NAPRI) da ke Shika ta daɗe tana aiki a kan haɗin Friesian, dangin Holstein, da Bunaji. Rabi da rabi shi ya fi jure wa yanayinmu. Kada a wuce kashi 75 cikin 100 na jinin waje sai inda kulawa ta cika. Bokoloji ta yankinku ma uwa ce mai kyau don haɗi. Kada sa ya hau 'ya'yansa, a canza shi kafin su isa. Rigakafin ciwon huhu duk shekara, na harbin daji kafin damina, maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, na ciwon hanta ga masu kiwo a fadama.

Tambaya: Ina da saniya ta haihu 9, ina jin nauyin rabuwa da ita. Yaushe ake cewa ta gama? Daga wani dattijo a Misau.

Amsa: Baba, yawan haihuwa kaɗai ba ya yanke hukunci. Buɗe bakinta ka duba haƙoran gaba guda 8 na ƙasa. Idan suna nan a jere, ko da sun ɗan cinye, tana iya kiwo. Idan sun zube ko sun zama guntaye da giɓi a tsakani, ba za ta ƙoshi a daji ba, rani ɗaya zai kayar da ita. Duba hantsa: nonuwa huɗu na aiki, kuma ba ta zazzago ƙasa da gwiwar baya ba. Duba tafiyarta, duba ko ta ɗauki ciki cikin wata 4 ko 5 bayan haihuwar da ta wuce. Idan duk waɗannan lafiya, riƙe ta, ka kuma riƙe 'ya'yanta mata, domin irin da ya kai haihuwa 9 a ƙasarku shi ake nema. Idan biyu daga ciki sun gaza, a yaye maraƙin, a tsayar da tatsa, a tsare ta a turke wata 2 zuwa 3 da dusa da harawa ta yi jiki, a kai ta kasuwa da kaka tun kafin ciyawa ta ƙare.